Na bar nama da kifi wata biyar, kwaɗayi na neman kada ni

Wannan saƙon wata ƙanwarmu ce ta turo min daga Birnin Kebbi, tace a sakaya sunanta. Na ɗan rage shi don yana da tsawo, amma maganarta ce ban canza ba.

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni malamar firamare ce shekarata 28, asalinmu 'yan Argungu ne amma muna zaune Birnin Kebbi. Bara Allah ya yi wa babanmu rasuwa, hawan jini da suga suka kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, ni nayi jinyarsa wata takwas. Bayan arba'in naje aka auna ni akace nawa jinin ma ya fara hawa, ga ƙiba. Tsoro ya kama ni na shiga kallon bidiyoyi a YouTube da TikTok na masu cewa in mutum ya bar duk abin da ya fito daga jikin dabba zai rabu da cututtukan nan, su ake kira bigan. Kuma dama tun ina ƙarama bana iya tsayawa wajen yanka. Sai na rantse na bar nama da kifi da ƙwai da nono da man shanu. Yau wata biyar. Wata biyun farko lafiya lau har na rage kilo 4, amma yanzu Anti wallahi ko wucewa nayi ta gaban mai gasa kifi sai inji kamar inyi kuka. Sau uku ina aiken yaro a ɓoye ya sayo min tsire in shige ɗaki in cinye, in na gama sai inji na tsani kaina kamar wata munafuka. Ga kasala, ga jiri in na miƙe. Da safe shayi da burodi, da rana indomi ko shinkafa da mai da yaji, da dare tuwo da miyar da nake yi daban. Inna ta rage yi min magana, cewa take na raina girkinta. Ga babbar sallah na zuwa. Anti raunin zuciya gare ni ko? Ya zanyi in kashe kwaɗayin nan?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ke kuma wata takwas ɗin nan da kika yi kina juya shi kina goge masa jiki kina ba shi abinci a baki Allah ya sa ki iske su a mizani. Wanda bai taɓa jinyar mai shanyewar jiki ba bazai gane irin tsoron da ke shiga zuciyar mutum ba ranar da aka ɗaura masa abin awo a damtse akace kai ma naka ya fara. Don haka ban ga laifinki ba ko kaɗan da kika zabura kika nemi mafita.

Amma kinsan inda na tsaya a saƙonki na maimaita har sau uku? Wajen da kika lissafo abin da kike ci. Shayi da burodi, indomi, shinkafa da mai da yaji, tuwo. Haba ƙanwata. Ina wake, ina gyaɗa, ina awara, ina riɗi, ina zogale? Kin kwashe kifi da nama da ƙwai da nono daga kwanonki kin bar gurbin haka nan baki cike shi da komai ba, sannan ki tsaya gaban allo tun safe kina ɗaga murya kan yara cike da aji, ki dawo gida cikin ranar Birnin Kebbi da kowa ya san zafinta, magariba tayi hayaƙin mai gashi ya bugi hancinki, kice wai raunin zuciya gare ki? Yunwa ce ƙanwata, yunwa ce tsagwaronta. Nasan an saba ce mana kwaɗayi mabuɗin wahala, toh amma akwai kwaɗayin da jiki ne ke kai ƙara, kuma jiki magayi.

Bari in miki lissafi kaɗan ki gani da idonki. Masana abinci sunce baligi na buƙatar furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, wajen giram 0.8 a kan kowane kilo ɗaya na nauyinsa a kullum. Idan kina kilo 75 kinga giram 60 kenan a rana. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa furotin ɗinsa wajen giram 4 ne kawai, kofi ɗaya na dafaffen wake kuwa yana kai 13. Yanzu ki duba abincinki na jiya ki lissafa. Furotin da dusar da ke cikin wake da ganye su ke riƙe ciki, shi kuwa farin burodi da taliya da farar shinkafa nan da nan suke narkewa, suga ya tashi a jini ya sauka, awa biyu uku kin koma jin yunwa kamar baki ci ba. Kuma abin da ya fi damuna, ke da kika shiga wannan tsari don gudun hawan jini da suga, abincin da kika koma ma shi ne ya fi kusa da su. Ɗan ƙullin sinadarin da ke cikin ledar irin wannan taliya gishiri ne fal a ciki, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi kar baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yaji.

Ita wannan kalma ta bigan a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1944, wani mutum Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya da sunan. Amma abincin kansa ba sai an kawo mana daga Ingila ba. Ki tambayi Inna sau nawa ake ɗora tukunyar nama a gidan kakarta, sai sallah ko suna ko ranar kasuwa in hali yayi. Ƙosai da koko, ɗan wake, alala, tubani, shinkafa da wake, faten wake da kabushi, datun zogale ko na rama da ya ji ƙuli, dambu, miyar sure da aka kaɗa da gujiya, ƙwaruru dafaffe da yara ke talla, kunun gyaɗa, duk ba nama ba nono, kuma duk abincin da ke zaunawa a ciki ne. Akwai ma wata hikima a ciki da sai daga baya masana suka yi bayaninta, hatsi irin gero da dawa da shinkafa yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake ke da shi da yawa, shi ma wake yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi, in an haɗa sai su cike wa juna. Mai sayar da koko da ƙosai a bakin layinku wannan haɗin take yi miki kowace safiya. Sannan ga waken suya, wanda fiye da kashi ɗaya cikin uku na busasshensa furotin ne, gashi awara ba layin da za ki shiga ki rasa mai suyarta.

Sai dai ki kula da abu biyu tunda jininki ya fara hawa. Kanwa da muke jefa wa wake da ɗan wake don su yi laushi tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, shi ɗin da ke tada jini, kuma tana lalata bitamin B1 na cikin waken. Ki jiƙa wakenki tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki wanke ki ɗora, zai nuna da wuri ba kanwa kuma kumburin ciki zai ragu. Na biyu awarar talla cikin mai take iyo, sau ɗaya sau biyu a sati ba komai, amma ta kullum ki saya ɗanya ki sarrafa abinki.

Yanzu maganar magariba. Zan baki labarin gidana. Shekarun baya likita ya hana maigidana jan nama da gishiri mai yawa, nayi ta fama ina masa abinci daban, ina murna yana bin doka. Ranar nan na fita zan ɗauko wani abu a motarsa sai naga takarda a ƙarƙashin kujera, ta jiƙe da mai har ana ganin hannu ta cikinta, ga ɓurɓushin yaji da yankan albasa guda ɗaya ya bushe a jiki. Na tsaya riƙe da takardar nan raina ya ɓaci sosai, amma da na zauna nayi tunani sai na gane mutumin nan tun abincin rana da ƙarfe ɗaya ba ya sake sa komai a bakinsa sai bayan isha'i, kuma hanyarsa ta dawowa ta gaban masu gashi take bi. Ban masa maganar takardar ba a ranar. Abin da nayi kawai na fara ƙulla masa dafaffiyar gyaɗa ko alala biyu da ruwa a gora yaci bayan la'asar kafin ya baro wurin aiki. Daga baya shi da kansa ya ce min in ya ci wannan sai ya wuce gaban tukuba yaji ƙamshin amma ƙafarsa bata taka birki ba. Toh ke ma haka nake so kiyi, kar magariba ta same ki ciki wayam. Da an yi la'asar ki ci wani abu mai nauyi, ko da ƙwaruru ne cikin tafin hannu biyu. In kwaɗayin ya taso duk da haka ki sha ruwa, kiyi alwala, ki kama wani aiki na ɗan lokaci, yawanci yana tasowa ne ya kai ƙarshensa ya lafa. Kuma in da wata hanyar dawowa gida wadda ba ta gaban mai kifin ba ki bi ta na wata ɗaya, ba tsoro bane. Barci ma ki dinga samu isasshe, ranar da mutum ya kwana yana latsa waya washegari yunwarsa da kwaɗayinsa sun fi yawa.

Akwai kuma ɓangaren harshe, shi ma haƙƙinsa ne. In kika lura abin da ke jan ki a tsire da gasasshen kifi ba tsokar kaɗai bace, hayaƙin gawayi ne da yajin ƙuli da maiƙo da wani ɗanɗano mai zurfi da ke sa miya ta zauna a baki. Wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda shi ya gano sinadarin da ke kawo wannan ɗanɗanon a 1908, a cikin romon wani ganyen teku ma ya gano shi ba a nama ba. Mu nan yana cikin daddawarmu ta kalwa, yana cikin kauɗar tumatur. Miyar da kike yi daban ɗin nan ina kyautata zaton salam take, shi ya sa ta gundure ki. Ki soya albasa da yawa a wuta kaɗan-kaɗan har tayi ja ta yi zaƙi, albasa dai Allah ya hore mana ita daga Aliero, ki ɗan gasa daddawar a bakin wuta kafin ki daka, ki jiƙa kauɗa ki niƙa da tattasai, ki sa citta da tafarnuwa, za ki ji miyar ta canza ko ba dunƙule da yawa.

Ga wanda nafi so ki gwada ranar Asabar da baki da makaranta. Ki sayo ɗanyar awara, ki naɗe ta a tsumma mai tsabta ki ɗora turmi ko dutse a kai ta tsane sosai. Ki yanka ta fale-fale kamar yadda mahauci ke yanka naman tsire, ki shafe da man gyaɗa kaɗan, ki baɗe da yajin da kika daka da kanki, ƙuli da citta da barkono da masoro da kanumfari da ɗan kimba, gishiri ɗan taɓawa. Ki hura gawayi ya zama jan garwashi ba harshen wuta, ki ɗora wayar gashi ki jera, kina juyawa kina yayyafa mai har gefen ya yi ƙauri-ƙauri ya fara tsagewa. Ki kwashe da zafinta a takarda, albasa da tumatur a kai, ki naɗe ki bari minti biyar tururin ya ratsa. Bazan yaudare ki ince ta zama nama ba, bata zama ba, amma tana biya wa harshe mafi yawan abin da yake nema. Fura kuma ki dama ta da madarar waken suya da kika tace a gida ko kunun aya, ki zuba farin garin cikin 'ya'yan kuka kaɗan don tsamin nan na nono.

Toh yanzu ki gyara zama, don wannan ita ce maganar da ta fi komai muhimmanci a amsata. Jiri da kasalar nan kar ki yi wasa da su. Cikin satin nan kije asibiti, kice a auna jininki a ga ko ya hau ko ya faɗi, a duba yawan jinin jikinki, a duba suga, kuma ki faɗa wa likita baki ɓoye ba cewa wata biyar baki cin komai na dabba. Mace mai al'ada tana buƙatar ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, wajen miligiram 18 a rana, kuma ayon na wake da ganye jiki baya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Abin da ke taimaka masa shi ne cin abu mai bitamin C a lokaci ɗaya, ki matsa lemun tsami a dato, ki ci gwaiba ko lemu bayan wake. Abin da ke hana shi kuma ganyen shayi ne, don haka ki raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya ko biyu.

Sai bitamin B12. Wannan ba ya cikin wake, ba ya cikin zogale, ba ya cikin wani tsiro da za ki dogara da shi, duk mai ce miki akwai a bidiyo kar ki saurare shi. A nama da kifi da ƙwai da nono ake samu. Abin da jiki ke so ɗan mitsitsi ne, maikurogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye shi har na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana ganin lafiya yake alhali ajiyar na ƙarewa. In ta ƙare sai ƙarancin jini, sai jin kamar ana tsikarar tafin ƙafa da allura, sai mantuwa, kuma in aka daɗe jijiyoyi na iya lalacewa yadda ba sa dawowa daidai. Ita kanta ƙungiyar 'yan bigan ta Ingila tana gaya wa mutanenta su sha ƙwayarsa, aƙalla maikurogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a sati. Ki kula da kyau, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan ruwan ɗorawa da ake ƙirgo mana a kemis ana cewa bi kwamfiles da yawansu ba B12 a ciki, ki karanta jikin kwalin ki ga an rubuta B12 ko cyanocobalamin, ki ga lambar NAFDAC. Kar kuma ki ce ai ina shan folik asid, shi yana iya gyara awon jini ya ɓoye matsalar jijiyoyin na ci gaba da lalacewa. Kuma tunda budurwa ce ke, in Allah ya kawo miji ya kawo rabo, mai ciki ko mai shayarwa da ba ta da B12 jaririn ne ke fara shan wahalar, wannan lokacin ba a yin irin wannan tsari sai da sanin likita. Mutanen Indiya da ake yawan ba da misali da su wajen ƙin nama, yawancinsu suna shan madara da kindirmo.

Maganar rantsuwa da kalmar munafuka da kika kira kanki, ta tsaya min a rai. Ni ba malama bace, ki samu malamin da kika yarda da shi ki tambaya, amma ga abin da muka koya a islamiyya. A Suratul Ma'ida aya ta 87 Allah ya ce kar mu haramta wa kanmu daɗaɗan abubuwan da ya halatta mana. Barin abu kuwa don lafiya ko don rai baya so, ba tare da an ce haramun ne ba, wannan daban. A Buhari da Muslim an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne yace a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa don haka ransa baya so, Khalid ya ja ya ci a gabansa. Kinga kenan ba wanda zai tilasta miki nama, kuma ke ma ranar da kika ci tsire baki ci haram ba, halal kika saya da kuɗinki. In rantsuwar da sunan Allah kika yi, ayoyi biyu gaba a ta 89 an faɗi kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba azumi uku. Ki yi ki sauke wannan kayan daga kanki. Tausayin dabbobi da kike ji kuma abu ne mai kyau kar kowa ya miki dariya a kai, hadisi ne a Muslim cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa.

In ra'ayina kike so zan faɗa miki ba kwana-kwana. Dalilinki na farko hawan jini ne, kuma don hawan jini ba sai kin bar kifi da nono ba. Tsarin abincin da likitoci a Amurka suka gwada aka buga sakamakonsa a 1997, wanda ake kira DASH, ganye ne da 'ya'yan itace da wake da gyaɗa da hatsi da yawa, jan nama da zaƙi kaɗan, amma akwai kifi da kaza da nono marar maiƙo a ciki, kuma ya saukar da jinin mutane. Abin da masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka fi ja wa kunne a 2015 shi ne naman da aka sarrafa aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, sai jan nama a bayansa. Da ƙanwata ce ke ciki ɗaya da sai ince ki riƙe cin tsirrai a mafi yawan kwanaki, ki bar wa kanki kifi sau ɗaya ko biyu a sati, gasasshe ko na miya, a tsakar gida gaban kowa. Amma in kin zauna kin auna kin ga zuciyarki bata yarda da cin mai rai ba sam, toh ina tare da ke, ana iyawa, mutane na yi shekara da shekaru, sai dai da wake da awara cike da kwano da ƙwayar B12 a kan durowa. Kuma ko wanne kika ɗauka in likita ya rubuta miki maganin hawan jini ki sha, kar wani mai bidiyo ya sa ki ajiye.

Sai Inna. Ƙanwata matar nan bara ta rasa mijinta. Shekara nawa tana girka masa, yanzu kwanonsa na kife, ga ɗiyar da ta tsaya kan jinyarsa ita ma ta janye nata kwanon ta koma ɗora tukunya daban a murhu ɗaya. Nasan irin abin da za ta faɗa ko ban ji ba, "ɗiyar Kabawa ta ce ba ta cin kihi, mi as same ki?" Ku fa 'yan Argungu ne, garin da tun 1934 ake taruwa bikin kamun kifi, dubban maza su faɗa Matan Fada da homa da gora a fito da giwan ruwa ana kiɗa, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, a irin wannan gida kifi ba abinci bane kawai, da shi ake tarbar baƙo, da shi uwa ke nuna ta ji daɗin ɗanta. Kuma ina da yaƙinin baki taɓa zama kin gaya mata ainihin dalilinki ba. Ki same ta bayan isha'i ku biyu, kice Inna an auna ni ance jinina ya fara hawa, na ga abin da Baba ya sha, tsoro nake ji. Shikenan, kar ki kawo mata zancen bigan ko bidiyo. Uwa ce, da taji haka ita za ta fara rage gishirin miyar gidan duka, kuma ita ma ki lallaɓa ta a auna ta. Sannan ki roƙe ta ta koya miki miyar sure irin tata, ku yi tukunya ɗaya, ta ɗibar miki naki kafin a zuba kifi, ku zauna tabarma ɗaya ku ci. Rabin kwaɗayin nan da kike ji na zama cikin mutane ne hannu na shiga kwano ɗaya.

Sallah kuma ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ki yanke abin da za ki yi. In ba za ki ci ba, ki karya da alala ko ƙosai ki ƙoshi kafin a sauko idi, ki tanadi awararki ta gashi a gefe, ki karɓi aikin rabon nama gidajen maƙwabta da marasa hali maimakon zama bakin kaskon suya wuni guda, in an tambaye ki kice likita nake gani kan jinina, ba sai kin yi wa kowa dogon bayani ba. In kuma za ki ci, Suratul Hajji ta ce ku ci daga gare ta ku ciyar, ki zaɓi tsoka biyu uku marar kitse ki zauna kusa da Inna kiyi bismillah ki ci a fili, washegari ki koma wakenki. Aiken yaro a ɓoye da rufe ƙofa ne dai bana so a sake, shi ke sa ki cinye duka a tsaye cikin minti biyu ki fito kina zargin kanki.

Yau da dare ki jiƙa wake gwangwani biyu. Gobe a kan hanyar makaranta ki tsaya wajen mai ƙosai maimakon burodi, in an tashi ki wuce asibiti da katinki. In sakamakon ya fito ki turo min abin da likita yace, da abin da Inna ta ce bayan kun yi maganar. Ki gaishe min da ita da kyau, kice ina mata gaisuwar Baba.